Zabuwar Laminu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Laminu. A ƙarshen damina ya tafi, ana shirin girbi. Ciwon hanta ya kwantar da shi a nan Tanut, aka ɗauke shi zuwa Damagaram, can kuma wa'adi ya cika. Mutanen gari sun san shi da gyaran rediyo da tele a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Na ƙauye kuwa, daga Ollelewa har kwarin Tarka, ba su san fuskarsa ba, muryarsa suka sani, domin duk Litinin da la'asar yakan shiga gidan rediyon garinmu ya yi sharhin wani wasan yara na ban dariya. Ni yayarsa ce, ni na goya shi, kuma a hannuna 'yarsa Fassuma take tun bayan sadakar arba'in. Shekarun nan bakwai da tsoro guda na yi su a kan yarinyar nan: kada wata rana ta gane mahaifinta ya yi mata ƙarya, ta fitar da shi daga zuciyarta, alhali ba ya nan balle ya kare kansa. Labarin ƙaryar nan da abin da ya biyo bayanta nake so in ba ku.

Wasan irin zanen nan ne mai motsi da ake nuna wa yara a tele. Daga ƙasar Turawa ya zo, da Faransanci ake maganar cikinsa, ita ma maganar ba ta da yawa, galibi guje-guje ne da faɗuwa. Sunansa na ainihi ya ɓace mini, yaran unguwarmu dai Bunsuru Mai Tabarau suke ce masa. Bunsurun nan ya ɗauki kansa gwanin dabara. Kullum yana ƙera injin da zai sauƙaƙa masa aikin gona, kullum kuma injin a kansa yake ƙarewa. Yana da aboki, wani kare mai tumbi da ba abin da ya iya sai barci. Su biyu ne a gonar, ba na uku.

Fassuma kuwa ƙyanda ce ta tafi da idanunta tana 'yar shekara uku. A lokacin gida ɗaya muke da su, kuma telen Laminu ce kaɗai a layinmu, saboda haka ranar Lahadi da hantsi yaran maƙwabta sukan cika zaure har bakin ƙofa. Ita ma a tsakiyarsu take zama. Sai ka ji dariya ta fashe, ita kuwa tana juya kai dama da hagu tana cewa, "Mene ne? Me ya faru?" Yaro yana kallo ina zai saurari wani? In ma an samu mai tausayi ya gaya mata, abin ya riga ya wuce. Sai ta yi tata dariyar ita kaɗai a cikin shiru, ta ji ba kowa tare da ita, ta haɗiye sauran. Wata Lahadi Laminu ya dawo ɗaukar wani abu, ya tsaya a bakin zaure ya ga wannan da idonsa. Ranar tuwon rana a rufe ya kwana, bai taɓa ba.

Abin da ya lura da shi shi ne sau biyu ake nuna kowace fitowa: Laraba da yamma, sa'ad da ba lakwal, wato makaranta, sannan a maimaita ta Lahadi. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Laraba na yi sai ya tura rediyoyin mutane gefe, ya kunna wata tsohuwar tele a rumfarsa, ya zauna ya ƙura mata ido kamar mai karatun jarrabawa. Dattawan kasuwa sun sha yi masa tsiya. "Laminu, gemu ya cika fuska kana kallon 'yan tsana?" Shi dai murmushi, bai taɓa yi musu bayani ba. Ran Lahadi sai ya ɗora Fassuma a cinya, ya kai bakinsa kunnenta, yana gaya mata abin da ke zuwa kafin ya zo, da tazarar numfashi guda. Bunsuru na hawa tsani ya riga ya ce mata ƙafar tsanin a kan ɓawon kankana take. Da tsani ya zame, dariyarta da ta sauran yara tare suke tashi.

"Yaya," in ji shi, "in na faɗa mata bayan ya faɗi, labari na ba ta. In na faɗa yana cikin faɗuwa, da ita aka yi kallon."

Har nan ba ni da ta cewa sai sa albarka. Inda muka saɓa shi ne ranar da yarinyar ta tambaye shi, tana 'yar shekara biyar, ko a cikin mutanen gonar akwai irinta. Ina zaune ina tsintar wake, na ji shi da kunnena ya ce, ko numfashi bai ja ba, "Akwai mana. Zabuwa." Nan take ya haife ta. Makauniyar zabuwa ce, a kan rumbu take zaune, ta san kowa da takunsa, tana jin ƙusa ta soma kwancewa tun injin bai san zai watse ba. Daga ranar duk wata wahala da ta faɗa wa bunsuru, ko dai zabuwa ta gargaɗe shi ya ƙi ji, ko kuwa ita ce ta ja igiyar don ta koya masa hankali. Ya yi mata murya siririya ta hanci, da Hausarmu ta Damargu tsantsa. Mai ido huɗu kullum a rami, ita marar ido ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba.

Yaran zauren kuwa Laminu ya tara su a bayan gida, ya raba musu dabino, ya ce duk wanda ya ce ba zabuwa a tele, shi da zauren nan har abada. Ba a daɗe ba dabinon ma ya zama ba dole. Da kansu, in bunsuru ya kife, sai ka ji sun ɗauka baki ɗaya, "Zabuwa ta yi aikinta!" Fassuma ta riƙa buga ƙafa don murna.

Ni kuwa abin bai kwanta mini ba, kuma ni ba mai ɓoye magana ba ce. Na yi shekaru ina koyarwa a lakwal, ba laifin da nake hora yaro a kansa kamar ƙarya. Na same shi na ce, "Laminu, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yarinyar nan da bakin mutane take tafiya. In an ce mata ga wuta, ta kauce, in an ce ga rijiya, ta tsaya. Ran da ta gane maganar ubanta ma ba abar dogaro ba ce, da ta wa za ta riƙe?" Ya yi dariyar nan tasa mai sa mutum ya ji kamar ya kai masa duka, ya ce, "To Yaya, shi bunsurun da ke sa tabarau yana ƙera inji, shi gaskiya ne?" Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba, ya kuma san ban sauka ba.

Shiga rediyo daga baya ta zo. Wani abokinsa da ke aiki a can ya zo gidan wata Lahadi, ya ji yadda yake yi, ya ce ai yaran ƙauye da na rugage su ma ba su ganin tele, me zai hana ya ba su nasu rabon? Haka shirin Litinin ya samu. Yakan ba da labarin fitowar makon tukuna, sannan ya yanke mata hukunci, da bakin dillalan kasuwar dabbobi, don a cikinsu muka tashi. Ran da injin tatsar nono ya kama gemun bunsuru ya yi ta ja, cewa ya yi, "Jama'a, ta wannan mako ta yi kitse, ko ba ka taɓa bayanta ba ka san ta ci harawa. A saya, ba ciniki." Ran da aka nuna ƙanƙara ta rufe gonar, bunsuru da kare suna ta zamiya a kan wani farin abu ba magana ba ƙara, ya ce wannan ramammiya ce, ko kyauta aka ba shi sai ya yi shawara. Ma'auninsa guda ne, ko fitowar tana jiyuwa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma shi a wurinsa wasan da sai mai ido ke morewa rabin wasa ne.

Tunda Fassuma na sauraren shirin, dole zabuwa ta bi shi har rediyo. Masu tele a gari sun san babu ta, suka kama bakinsu, wasu don sun san dalili, wasu don ta fi musu bunsurun daɗi. Na ƙauye kuwa ba su da labari. Akwai wata shekara da ruwa ya yi gardama, rijiyoyi suka ja baya, mata suna wuni a bakin guga. A makon aka nuna fitowar da bunsuru ya bar famfo a buɗe har gida ya cika, shi da kare suna iyo a tsakar ɗaki. Yaran gari sun yi dariya. Laminu ya shiga rediyo ya ce shi kam bai yi ba, kuma ba zai ba mutanen da suka kwana da ƙishi labarin ruwa na zuba a banza ba, in ba don zabuwa ta ji ƙarar zubar ta lallaɓa ta rufe famfon ba. Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa daga wajen Ollelewa ta aiko da saƙo ta bakin direban motar kasuwa, ta ce a gaida zabuwa, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Da damina ta faɗi sai ga ƙwaryar ƙwan zabi daga wurinta. Mun ci ƙwan, ina ci ina harararsa.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo Tanut ta yau, me zai ce? Rumfarsa wani yaro ne a ciki yana cajin salula. Telen yanzu falle ce kamar faranti, in ta mutu ba a buɗe ta, jefarwa ake yi, saboda haka sana'arsa ma ta kusa bin sa. Wannan ba zai dame shi ba sosai, mutum ne mai neman na kansa ta kowace hanya. Abin da na san zai sosa masa rai shi ne zaure. Yanzu sai ka ga yara uku a kan tabarma ɗaya, kowa da waya a hannu, kai a sunkuye, wannan ya yi dariya yanzu, wancan anjima, ba wanda ya san abin da ya ba ɗan'uwansa dariya. Halin da ya ga 'yarsa a ciki ya kasa cin tuwo, yau masu ido ne suka zaɓe shi da kansu. Wasannin kuma sun yi yawa, kafin ka ce wannan ta yi kitse an turo goma. Ina jin zai ce kasuwa ta cika da dabbobi amma ba mai tsayawa ya taɓa bayan ko ɗaya. Ko kuwa, don na san halinsa, ya sayi wayar shi ma, ya tara yaran layi a kan allo ɗaya ɗan mitsitsi, ya hana kowa taɓawa.

Ranar da za a tafi da shi Damagaram, ana shimfiɗa masa katifa a bayan mota, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ya kama hannuna. Na zaci maganar gida zai yi, ko ta rumfa. Sai ya ce, "Yaya, zabuwar nan amana ce." Na ce ya bar wannan zance, zai dawo ya ci gaba da abinsa. Fassuma na da shekara takwas a lokacin.

Na gwada, Allah ya sani. Bayan arba'in na ɗora ta a cinya wata Lahadi, na kai bakina kunnenta. Amma ni ban kalli ta Laraba ba, kuma ko na kalla, harshena na mai koyar da lissafi ne. Kafin in ce bunsuru ya hau, ya riga ya faɗo. Da na zo kan zabuwa sai na kasa yin muryarta. Yarinyar ta saurara kaɗan, ta zame daga cinyata a hankali ta ce, "Gwaggo, ki huta." Ba ta sake zama gaban tele ba. Uwarta ta yi aure a Belbeji bayan shekara biyu, muka yi shawara Fassuma ta ci gaba da zama wurina saboda karatu, daga baya aka samar mata wuri a makarantar makafi a Damagaram. Wasan ma aka daina nuna shi. Duk hutun da ta dawo nakan karanci fuskarta tun daga tasha, in ga ko wani mai dogon baki ya gaya mata. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Na gargaɗi yaran zauren, waɗanda yanzu wasu har sun yi aure, na ce alkawarin dabino yana nan.

Wadda ban gargaɗa ba ita ce jikata Hadiza, don ba a haife ta ba lokacin da aka yi alkawarin. Bana da babban hutu uwarta ta kawo ta daga Yamai. Yarinyar ta liƙe wa Fassuma, ita kuma ta riƙa ba ta labaran bunsuru da zabuwa, ni ban sani ba. Wata rana bayan azahar muna ƙarƙashin rumfa ina tsinke zogale, sai na ji kiɗan farkon wasan nan yana fitowa daga wayar uwar Hadiza. Ashe Hadiza ce ta sa an nemo mata shi. Hannuna ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Fassuma ta ɗaga kai, ta karkata kunne, ta saurara har fitowar ta ƙare.

"Yaya Fassuma," in ji Hadiza, "wai ina zabuwar da kike faɗi? Ni bunsuru da kare kawai na gani."

Ni da na yi wa Laminu wa'azin ramin ƙarya, sai ga bakina ya buɗe ina cewa ai wannan wata fitowa ce daban, zabuwar ta yi tafiya. Fassuma ta juyo wajen muryata.

"Gwaggo, bar shi. Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

"Babu ta. Tun ina kan cinyarsa na sani. Bunsuru da kare daga gabana muryarsu ke fitowa, cikin akwati, da Faransanci. Ita kuwa daga nan take fitowa," ta taɓa bayan kunnenta, "da ɗumi, da ƙanshin goro."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa duk shekarun nan. Ta ce da ta faɗa da ya daina, kuma tana jin yadda ƙirjinsa ke rawa a bayanta in zabuwa ta yi nasara, ta san shi ma yana so. Bayan rasuwarsa kuma ta ga ni ce ke ta faman rufa-rufa, sai ta ƙyale ni, don kada in ji na kasa riƙe amana. Wato mu duka, uba da gwaggo da yaran layi guda, muna lallaɓa yarinya, ashe ita ke lallaɓa mu. Na yi kuka a wurin, kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka kawo labari daga Damagaram. Rabinsa sauƙi ne, don nauyin ya sauka. Rabin kuma haushin Laminu, da ya ci gardamarmu yana kabari.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce alhamdulillahi na tashi. Amma da Hadiza ta ruga wasa, Fassuma ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. Ta ce abin da ke damunta daban ne. Duk abin da zabuwa ta taɓa faɗi tana riƙe da shi, kalma bayan kalma, amma muryar ta soma guje mata. Da, in ta yi shiru takan ji ta sarai. Yanzu in ta kira ta, tata muryar take ji tana kwaikwayo. Mai ido yana da hoto a bango, in fuska ta dushe masa ya ɗaga kai ya duba. Ita muryar nan ce hotonta. Ta ce, "Gwaggo, ke da kika goya shi, ɗan yi mini yadda yake yi." Na toshe hanci na gwada. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "A'a, ba haka ba ne," ta ci gaba da tsinke zogalen da na bari.

Shirin nan na Litinin kai tsaye ake yin sa, kuma ba wanda ya yi tunanin naɗa a cikinmu, don wa ke naɗe muryar mutumin da zai gani gobe da safe? Na shekara bakwai ina gadin ƙofar da ba ɓarawo, abin da ya kamata in tsare yana zurarewa ta wani gefen.

In aka ce in auna abin da ya rage na Laminu, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida nasa ba, bai bar garke ba, kayan aikinsa sun yi tsatsa a cikin buhu. Ya bar yaran layi guda da suka koyi cewa ana iya haɗa baki a kan alheri. Ya bar mutanen ƙauye da har yau in mace ta hango matsala kafin maza su hango sukan ce da ita zabuwar Laminu. Ya kuma bar 'ya mai shekara goma sha biyar da ba ta taɓa shakkar an so ta ba, wadda ta san bambancin wanda ya yaudare ka da wanda ya ƙera maka abu da bakinsa don ba shi da wani abin da zai ba ka. Wannan na ƙarshe ni ban san shi ba sai da ta koya mini. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sa dariyar da ya raba wa yaran Damargu ta tarye shi a can.

Saura roƙo guda, shi ne ma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A shekarun nan akwai masu naɗar shirye-shiryen rediyo a kaset ko a waya don su saurara a wurin kiwo ko a gona. In akwai wanda ke da wani abu na shirin Litinin, a Tarka ne, a Belbeji ne, ko a ƙasan wata tsohuwar adaka, don Allah ya kawo Tanut, duk wanda ya tambaya a bakin kasuwa za a nuna masa gidan yayar Laminu mai rediyo. Ba sai fitowa cikakkiya ba, ba sai mai kitse ba. Fassuma ta ce ko gyaran muryar da yakan yi ne kafin ya ce salamu alaikum, ya ishe ta.